Auta, Mai Askin Marasa Kowa

Ƙanina bai cika shekara ashirin da uku ba ya rasu, kuma tun ba a tashi daga zaman makoki ba mutane suka fara kiransa waliyyi. Fada, limamin cocinmu na Katolika, ya ce duk wanda ya san shi ya rubuta abin da ya sani. Ga nawa. A gida Auta muke ce masa. Ɗaki ɗaya muka tashi, na san warin safarsa da minsharinsa, shi ya sa kalmar waliyyin nan take tsaya min a maƙogwaro.

A makaranta Auta ba ya ja. Ni ke zuwa na ɗaya, shi sai an duba can ƙasa. Amma in muka dawo gida, Mama ta shafa kaina ta ce madalla, sai ta juya ta zauna tana sauraron yadda Auta ya ara wa wani yaro rigar wasanni, shi ya sha bulalar. Ta yi faɗa, ta yi dariya, ta ƙara masa abinci. Da ya faɗi jarrabawar sakandare ya shiga koyon aski a shagon maƙwabcinmu, mai kujera biyu da madubi mai tsaga. Ni na wuce jami'a.

Wata Lahadi bayan addu'ar Misa ya raka Fada asibiti duba marasa lafiya. A ƙarshen baranda akwai ɗakin da ake kwantar da waɗanda ba mai zuwa wajensu. Ya ga gemu ya cukurkuɗe, farce ya lanƙwashe. Washegari ya koma da reza da almakashi da sabulu da flas na ruwan zafi cikin tsohuwar jakar makarantarsa. Daga nan duk ranar hutun shago can yake wuni. Maigidansa ya sha cewa, "Rezata ta fi ni sanin hanyar asibiti."

Da na zo hutu na ce masa, "Kai, askin ne zai warkar da su?"

"A'a, Yaya. Kai ne mai karatu, ka zo ka warkar da su. Ni kafin ka iso ina rage musu ƙaiƙayi."

Ban taɓa bin sa ba.

Ina aji na ƙarshe ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Auta ne ke juya shi, ke yi masa aski. In na kira waya Mama ta ce, "Kada ka damu, yi karatunka, Auta na nan." Don ta kwantar min da hankali take faɗa. Ni abin da nake ji shi ne ba a bukatata.

Tarin fuka ya kama Auta, ya ɓoye har ya ci ƙarfinsa. A makon da sakamakona ya fito muka binne shi. Coci ya cika da masu sanduna da keken guragu waɗanda ba mu taɓa gani ba. Wata mata ta roƙi Mama tawul ɗinsa don neman albarka. Ni, mai digirin farko a gidanmu, kowa ya riƙe hannuna sai ya ce, "Kai ne wan Auta?" Har yau ba na iya barci sosai, kuma in na yi tari sai gabana ya faɗi.

Baba kuwa ya ƙi yarda kowa ya taɓa fuskarsa. Maigidan Auta ya zo da kayan aikinsa, Baba ya juya ya fuskanci bango. Gemu ya tsiro, abinci na maƙalewa a ciki, fatar ƙarƙashi ta fara gyambo. Na sayo sabuwar reza, na tsaya a gabansa da kwanon ruwa na ce, "Baba, ni ne. Bari in gyara maka." Ya sa hannunsa mai lafiya ya ture kwanon, ruwa ya jiƙa min wando. Abu ɗaya nake so a gidan nan, Baba ya bar ni in yi masa abin da ɗa ke yi wa uba.

Ana nan wani tsohon direba mai ƙafa ɗaya ya zo gaisuwa. Ya ce ya daɗe a ɗakin nan na ƙarshen barandar asibiti. Ya dubi gemun Baba, ya dubi rezar da ke hannuna.

"Ɗana, a tsaye kake zuwar masa, kamar mai karɓar haraji?"

Ya jingine sandarsa, ya zauna a kan gado ta wajen matashin kai, ya ɗaga kan Baba a hankali ya ɗora a cinyarsa. Baba ya lumshe ido.

"Haka Auta yake yi mana. Ma'aikatan jinya har sun gaji da hana shi."

Direban bai iya aski ba. Ya ɗan yanki Baba a haɓa, Baba ko motsi bai yi ba. Ina riƙe da kwano ina kallon baƙo a wurin da nake so, raina na tafasa.

"Zo ka karɓa kafin in yanka maka tsoho," in ji shi.

Na zauna. Kan Baba ba shi da nauyi ko kaɗan. Na shafa sabulu, na fara jan reza daga kunne, ina kauce wa gyambon. Sai leɓensa ya motsa. Tun da ya kwanta ban ji kalma daga bakinsa ba.

"Auta."

Na buɗe baki zan gaya masa ko wane ne. Mama na bakin ƙofa, hannunta a ƙirji.

"Ka amsa masa mana," in ji ta.

Na ce, "Na'am, Baba." Na wanke rezar, na juya kansa na kama ɗaya kuncin.