Dashen albasar da aka kwance daga kan babur

Matso kusa, mai karatu, maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sahabi, manomin albasa a nan Aliero. Allah ya jiƙansa. Na so in ba ka labarin kirkinsa kawai, amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya.

Malam yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta sani. In mutum ya zo sayen dashen albasa, sai an ɗaure masa kaya tsaf, ya sha fura, sannan a yi zancen kuɗi. Yakan ce dashe ba ya jiran ciniki, rana na taɓa shi ya langaɓe. Cikin masu zuwa kowace shekara har da amininsa, Alhaji Manu na Gumbin Kure, wanda shi ya riƙe kan makara ranar da aka kai Malam.

Yanzu ɗanmu Bello ke riƙe da gonar, kuma ciniki ya koma cikin waya. Bara wani baƙo ya nuna masa saƙon banki, aka loda masa albasa ya tafi. Ashe alat ɗin na bogi ne. Bello ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Tun daga nan ya kafa doka, kaya ba sa barin ƙofar gida sai kuɗi sun faɗo a wayarsa, ko waye.

To, da lokacin dashe ya zo, sai ga Alhaji Manu da hantsi. Ya ce ya tsaya a Jega wajen mai POS ya turo kuɗin dashen, ga ma 'yar takardar. An cire kuɗin daga asusunsa, amma wayar Bello shiru. Wai sabis ne ya tsaya. Yara sun riga sun ɗaure dashen a babur yadda suka saba tun zamanin Malam. Ina leƙe ta bayan labulen zaure na ga ɗana da hannunsa yana kwance igiyar.

Na aika aka kira shi. Ya ce, "Inna, ba Baba Manu nike zargi ba. Cinikin ga na waya ne ba shi da amana. In na ɗaga ma mutum guda, gobe kowa amini ne."

Tsohon ya zauna a tabarmar da suke hira da Malam, yana ta duban wayar Bello kamar mai jiran hukunci, alhali 'yan aiki na can fadamarsa suna jiran dashe. Furar da na aika ta dawo yadda ta tafi. Bayan la'asar ya miƙe, ya ce a gaishe ni, ya hau babur ba kaya.

Sai da aka kwana kuɗin suka shigo. Bello ya ciri sabon dashe ya kai har gida, ya ba da haƙuri. Alhaji ya karɓa, ya sa masa albarka, har ya ba shi zabo ya kawo mini. Amma da aka taru yi wa Malam addu'a bana, gefen tabarmar da Alhaji yake zama babu kowa.

Nakan tambayi kaina, da Malam na nan me zai yi? Na san zai ce a ɗaure kaya. Amma Malam bai taɓa haɗuwa da ƙaryar da ke zuwa da sunan banki ba, kuma ba shi ya rasa gumin shekara ba. Ban iya ganin laifin Bello duka. Kunya dai ce ta hana ni ɗaga ido in na ji an ambaci Gumbin Kure.

Gonar Malam na nan, albasarsa na yin kyau. Yara ma har yau hannunsu ke fara kai wa igiya kafin su tuna da doka. Kai da kake karantawa, da aminin mahaifinka ne a zaurenka, wayarka kuma ta yi shiru, kwance igiyar za ka yi ko ɗaurewa?