Magogin Baba

Ni ɗan goro ne, jikan ɗan goro. Kakanmu da huhunsa ya shigo Garwa, kuma har yau rumfarmu tana nan a Rumde Ajiya. A sana'armu ido ba ya isa. Goro zai yi maka jawur yana sheƙi, amma sai ka ɓare shi ka tauna sannan zai faɗa maka gaskiyarsa, ko ɗanye ne, ko ya sha ruwa, ko ya fara lalacewa. Ɗan goron da ba shi da turame, haƙoran taunar nan na can ciki, wallahi rabin ɗan goro ne.

Na ga haka da idona a kan Baba. Da haƙoransa suka zube sai ya koma magogi, ɗan ƙarfen nan mai huji-huji da tsofaffi ke goga goro a kai su watsa garin a baki. Dillalai suka daina miƙa masa goro ya ɗanɗana. Su tsallake shi su miƙo mini, yana zaune yana kallo. Da ya rasu magogin ya faɗo a rabona, na cusa shi ƙasan akwati, na ce ni da kai har abada.

Ban cika hamsin ba turamena suka fara tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Na hagu suka tafi, na koma tauna da dama. Da biyun dama suka bi su, sai na fara ɓoye wa dillalai bakina, ina gutsura da haƙoran gaba kamar zomo. A nan ne aka ba ni labarin wani likita a Yawunde mai dashen haƙori: ya huda ƙashin muƙamuƙi, ya ɗaura sukuru, in ya kama ya ɗora haƙori a kai. Ban tsaya shawara ba. Muka kama hanya ni da maiɗakina, mota zuwa Gaundare, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, don an ce bayan aikin sai da mai jinya.

Likitan ɗan kudu ne, mai fara'a, mai yawan tambaya. Ya ɗauki hoton bakina, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da Faransanci:

"Alhaji, ƙashin nan siriri ne. Na hagu ba zai ɗauki komai ba. Na dama zai ɗauki biyu, amma sau ɗaya tak. In suka faɗi babu na biyu. Kuma haƙoranka duk sun siɗe. Kana cizon haƙora in kana barci?"

Na ce cizon me? Goro ne. Tun ina ɗan shekara goma nake taunarsa.

Ya ce, "Mai yi ba ya sanin yana yi. In kana yi dole in yi maka wata roba da za ka riƙa kwana da ita, in ba haka ba za ka niƙe aikin nan."

Sai kawai ya juya kujerarsa wajen matata, wadda ke zaune a gefe cikin mayafinta.

"Madam, ke da kike kwana da shi, kina jin yana yi?"

Kai jama'a! Jinina ya hau a take. Ƙato, baƙo, ya dubi iyalina ido da ido ya tambaye ta kwanciyarmu, ni ina zaune! Matata Bafulatana ce, shekara ashirin da biyu muna tare ko sunana ba ta taɓa kamawa ba. Na ga ta ɗago kai kaɗan. Ban jira ba.

Na ce, "Dokta, ni ne mai bakin. Ni za ka tambaya. A wajenmu ba a yin haka."

Ta sunkuya ta ce, "Mi anndaa," wato ban sani ba. Likitan ya ba da haƙuri, ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta wani abu. Da muka fito har da yaba mata na yi a bakin titi, na ce Allah ya yi miki albarka, kin nuna masa daga gidan da kika fito.

An yi aikin. Na sha wuyar da ba zan so wa maƙiyina ba, kumatu ya kumbura, sati biyu ina kan kunu. Na yi watanni ina jira ƙashi ya kama, na sake komawa aka ɗora haƙoran. Ranar da na dawo rumfa na zaɓi goro marsa, fari ƙato, na kai shi dama na datse, ƙaras! Sai da maƙwabcina ya waiwayo. Na yi ta tauna ina ƙara, har kaina ya yi jiri. Dillalai suka dawo suna ce mini Alhaji duba mana wannan.

Daɗin nan bai shekara ba. Na fara tashi da safe muƙamuƙina a sage, kai yana sara. Na ce zafin Garwa ne. Sai haƙori ɗaya ya ɓantare a gefe. Sai ɗayan ya fara motsi in na taɓa shi da harshe, dasashi yana jini yana wari. Na koma Yawunde ni kaɗai, da niyyar in ci mutuncin likitan nan.

Bai bar ni na gama ba. Ya nuna mini sabon hoto, ƙashin ya zaizaye kewaye da sukurun duka biyu.

Ya ce, "Wannan ba aikin goro ba ne. Goro da rana kake ci. Wannan niƙan dare ne, kuma na tambaye ka."

Ya cire su, ya zuba mini a 'yar leda, ya ce babu inda za a sake dasawa.

Na iso gida da la'asar ina tafasa. Inna, mahaifiyata, tana kan tabarma a tsakar gida, maiɗakina tana tsince shinkafa. Ko zama ban yi ba na fara zazzagawa: macuci, ya ɓata aikinsa yana neman wanda zai ɗora wa, wai ni nake cizon haƙora!

Inna ta ce, "Au, wannan? Ai tun kana yaye kake yi. Maganin tsutsar ciki nawa na ɗura maka, bai hana ba. Babanku ma haka yake, ƙarat-ƙarat har asuba."

Na tsaya da leda a hannu. Na ce, "Inna, kin sani?"

"Wa bai sani ba a gidan nan? Baƙi ma in sun kwana a zaure sukan tambaya."

"Shi ne ba wanda ya gaya mini?"

"A gaya maka a ce me? Ana gaya wa babba abin da yake yi a barci ne?"

Ku ji fa! Gida guda, uwa, mata, 'ya'ya, har baƙin zaure, kowa ya san bakina ban da ni mai bakin. Shekara da shekaru ina niƙe haƙorana suna saurare, wai suna ganin girmana. Girman banza! Girman da ya bar ni da dasashi! Inna ba a yi mata tsawa, don haka na juya kan maiɗakina, kuma ban rage mata komai ba. Na ce ke da aka tambaya a gabana fa? Kalma ɗaya, i, ita ce ta gagare ki? Kin zauna kina kallo aka huda mini ƙashi, kin dama mini kunu sati biyu, kin san abin da zai faru, kika yi gum!

Ba ta daina tsince shinkafarta ba sai da na yi shiru don numfashi. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji:

"Alhaji, na buɗe baki ai. Kai ka ce kai ne mai bakin."

Na ce to bayan mun fito fa? A jirgi fa? A gida fa?

"Bayan mun fito albarka ka sa mini."

Har yau ina jin haushinta, ina jin na Inna, ina jin na likitan da ya ɗaga kafaɗa maimakon ya dage. Amma wanda na fi jin haushi shi ne mutumin nan da ya kumbura a kujerar likita yana kare mutuncin gidansa, ga shi kullum ni nake wanke masa fuska.

Kwana uku ban fita rumfa ba, ƙanena ne ke tsare ta. A na huɗu aka aiko cewa mota ta sauke sabon kaya, ana jirana in duba. Na sa riga, na sa hula, na zura hannu a aljihu sai na ji ƙarfe. Magogin Baba ne. Maiɗakina ce ta tono shi daga akwati, ta wanke tsatsar da toka, ta sa mini a aljihu.

Na isa rumfa, dillali ya kwance huhu ya zaɓo goro ɗaya. Ina ciro magogin ya dube shi, ya dube ni, sai ya miƙa wa ƙanena.