Wayar Anti a Saman Kabad

Shekara ashirin da bakwai sakatariyar kamfanin ta yi a kan kujera ɗaya. Ta fara da tafireta mai ƙara kamar ana fasa dutse, ta ga bayan manajoji shida. Kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Guntuwa ce, amma in ta sauko da tabarau kan hanci ta dube ka, sai ka tuna laifin da ka yi tun kana firamare.

Manaja na bakwai matashi ne, mai turare da takalmi mai tsini. Ya tarar da maganar masu shara su tara, da suka shekara takwas suna aikin wucin gadi. Hedikwata ta ce a tura sunayensu da hotunansu ta shafinta na intanet kafin sha biyun ranar Alhamis, a mai da su na dindindin. Tsohon manaja ya riga ya sa hannu, turawa kawai ta rage, kuma aikin Anti ne. Sabon kuwa kamfanin sharar abokinsa yake son kawowa. In sha biyu ta yi, shafi ya rufe, magana ta mutu.

Ranar Alhamis da safe intanet ɗin ofis ya ɗauke. Na'urarsa kuwa tana ɗakin manaja.

"Sai haƙuri, Anti," in ji shi. "Mai gyara sai gobe."

"Allah ya ba shi lafiya."

"Wa?"

"Intanet ɗin. Na ga ciwon nasa ya san kalanda."

Ta zaro wayarta mai tsagaggen gilashi, wadda roba ke riƙe da murfinta. 'Yarta ta taɓa koya mata yadda ake kunna hotsifot, laftof ya sha daga datar waya, ta kuma rubuta matakan a bayan littafin saƙonni. Sabis a ɗakin ba ya kamawa sai a saman kabad ɗin fayil, kusa da taga. Ta kira shugabar masu shara, wadda ake ce wa Doguwa, ta ɗora mata wayar a can.

"Anti, datarki fa?"

"Ta kallon jikoki ce. Yau su kalli iyayensu."

Sunaye huɗu suka shiga lafiya. Ana na biyar waya ta yi ƙara, shafi ya tsaya cak. Halin tsohuwar wayar ke nan: kira ya shigo, data ta fita. Manaja ne, daga ɗakin da taku uku ya raba su. Anti ba ta taɓa barin kiran shugaba ya yi ƙara sau biyu ba. Doguwa ta miƙo wayar, Anti ta amsa.

"Ina fayil ɗin bara?"

"Ƙarƙashin gwiwar hannunka, ranka ya daɗe."

Ta sake na biyar daga farko. Waya ta sake ƙara, shi ne dai, wai nawa ga wata yau. Sai ta tuna ta yi mitar halin wayar da ƙarfi, ƙofa kuma a buɗe, ashe ya ji. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da rabi.

Ta daɗe tana kallon lambar. Sannan ta danna, ta toshe ta.

Ana na takwas ya shigo da kansa.

"Ina kiranki ba ya shiga."

"Na toshe ka, ranka ya daɗe."

"Ni kika toshe?"

"Zuwa sha biyu ne. Wayar tawa ce, datar tawa ce, hannun ma da shi na zo daga gida."

Ya ɗaga kai ya dubi saman kabad, ya yi taku ɗaya. Doguwa ta tuntsurar da bokitin ruwan sabulu a gabansa, ta hau gogewa a tsanake.

"A kula, yallaɓai, akwai santsi. Takalmin nan ba na ruwa ba ne."

Yana tsaye a bakin kumfa sunan mutum na tara ya shiga, sha biyu saura minti shida. Anti ta buga takardar shaida, ta miƙa masa da hannu biyu.

Sati bai cika ba ya mai da ita ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, can ƙasa, babu taga, babu sabis. Ta kwashi tabarau da kofinta ta sauka. Kullum da safe mutum tara ne ke layin share ɗakin, har sai ta kore su. Ɗakin manaja kuwa, ana zuwa in an gama.