Tatsuniyar da Iya Ta Ƙi Rufewa

Ranar Asabar yarana suka tsare ni sai na zauna mun kalli katun tare. Yaro ne ya bar gida, wani tsoho ya ba shi makami, ya sha wuya, ya kashe dodo, ya dawo gari ana kiɗa. Awa ɗaya da rabi, an gama komai. Su suna tafi, ni kuwa raina ya ɓaci. Na san wannan tafiyar tun ina ɗan shekara takwas a gidanmu na Gangaren Tudu, kuma a wurinmu dawowa ba ta da araha haka.

Kakata, Iya Mairo, bayan magariba take zama bakin murhu tana gasa mana doya, mu jikoki mun kewaye ta. Kowace tatsuniya takan rufe ta da ƙurunƙus, mu watse. Guda ɗaya ce ba ta taɓa rufewa ba, ta Ɗan Maharbi. Dodo ya sace ruwan sama ya ɓoye a kogon dutse, gonaki suka bushe. Ɗan Maharbi ya yi sallama da uwarsa ya shiga daji. Ya cuɗa wa wata tsohuwa baya, ta ba shi kibiya ɗaya tak. Ya harbe dodon, ya ɗuro ruwan a gora, ya kamo hanyar gida. Sai ya tarar kogi ya cika, babu kwalekwale. Nan Iya take tsayawa ta juya doya.

"Sai me, Iya?"

"Yana nan bakin kogi, maigidana. Gobe ma ji."

Gobe kuma ta faro daga farko.

Abin da hankalina bai kai gare shi ba shi ne Kawu Sule, autanta. Direban babbar mota ne, ya tafi Kudu da lodin doya shekara shida kafin nan, ba shi ba motar, ba labari. Babana da liman sun sha roƙonta a yi masa sadakar mamaci, a kai maganar matarsa Asabe gaban alƙali a sallame ta. Iya ta ce ba a yi wa rayayye sadakar mutuwa. Asabe tana nan a ɗakinta, ba aure ba zawarci.

Ni kuwa yaro ne mai shegen baki. Wata rana da aka iso bakin kogin nan, haƙurina ya ƙare.

"Haba Iya, mutumin nan fa ya daɗe. Ruwa ya ci shi. Ƙurunƙus."

Yara suka kwashe da dariya. Na jira mari, bai zo ba. Iya tana cikin tsofaffin da suka yarda cewa abin da ya fito bakin yaro ba a tambaye shi ba, saƙo ne. Ta daɗe tana kallona har doyar ta ƙone.

"Kai ka rufe?"

Na ce e.

"To, an rufe."

Ranar Juma'a aka soya waina aka raba sadakar Kawu Sule, liman ya yi addu'a. Iya ba ta sake yi mana tatsuniya ba. Takan zauna bakin murhun dai, ta gasa doyar, ta miƙa mana shiru. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Alƙali ya sallami Asabe, ta yi idda, ta auri wani malamin makaranta a unguwar Liman Abaji. Ranar da za ta tare ta dafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka, ban ma san ta ji abin da na faɗa ba.

Sai da na girma na gane Iya ba manta ƙarshen ta yi ba. Muddin ba a rufe ba, ɗanta yana hanya. Na 'yanta mace ɗaya, na karya ɗaya, da baki guda, kuma har yau abin yana ci mini rai. Kawu Sule kuwa, babu wanda ya taɓa ganin gawarsa.