Ezekiel Mai Cizon Jita

A Zuru da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wanda ya san jita ba ya fara duba tsirkiya ko fenti. Kan jitar yake juyawa, wajen da ake ɗaure tsirkiyoyi, ya nemi sawun haƙora: rami biyu ƙanana da ɗan fili a tsakaninsu. In ya gani, ya san daga hannun Ezekiel Manga ta fito, don filin nan wushiryar Ezekiel ce. In bai gani ba, sai ya ajiye cikin ladabi ya ce zai dawo.

Ezekiel kafinta ne. A Manga aka haife shi, ya shigo Zuru yana saurayi ya koyi haɗa benci da ƙofa da gado. Jita ta farko da ya taɓa riƙewa ta wani tsohon soja ce, ta fashe a bayan mota aka kawo masa gyara. Ya buɗe ta ya leƙa cikinta, ya yi ta leƙawa har mai ita ya fara zargin an sayar masa da kaya. Kafin ya mayar, ya auna kowane lungu da zare da tsinke. Tasa ta farko, da wayar birkin keke ya yi mata tsirkiya. Waɗanda suka ɗauke ta sun ce nauyinta na ƙofar shago ne, muryarta ma ba ta yi nisa da haka ba. Amma cocinsu ba ta da wata, aka yi shekaru ana yabon Allah da ita, ba mu kuwa ji an ƙi karɓa ba.

Hannunsa na cikin gyaruwa ciwon kunne ya kama shi wata damina. Kunnuwan suka yi ta zubar da ruwa, aka ɗiga mai, aka ɗiga abin da maƙwabta suka ce a ɗiga. Ciwon ya tafi, ya tafi da jin. Daga lokacin sai an kafa masa baki a kunne an yi ihu yake ji. Shi kuwa a hankali yake magana, don ya ce muryarsa cika masa kai take yi. Wannan ya sa babu zancen gidansa da unguwa ba ta sani ba, amma ɓangaren matarsa Leah kawai.

Kowa ya ɗauka jita ta ƙare. Shi ma haka ya ɗauka, ya koma benci. Wata rana hannuwansa biyu na riƙe da aiki, ya sa wani siririn allo a baki don kada ya faɗi, sai gudumarsa ta gogi allon. Ya ji. Ba a kunne ba, cikin ƙashin kansa ya ji, tangaran. Leah ta ce ta fito ta same shi tsaye tsakar gida da katako a baki yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana hawaye, ta koma ɗaki ta yi addu'a, don ta ɗauka ciwon ya wuce kunne ya shiga ciki.

Yadda yake aiki ke nan tun daga ranar. Wahalar jita a fuskarta take, wato allon gaba mai rami. In ya yi kauri, jitar ba ta magana. In ya yi siriri da yawa, tsirkiya ta ja shi ya lotsa. Tsakanin biyun kuwa bai fi kaurin farce ba. Ezekiel yakan kankare kaɗan, ya ciji gefen allon, ya rufe ido, ya ƙwanƙwasa tsakiya. Ya sake kankarewa, ya sake ciza. Madaci yake amfani da shi, kuma duk wanda ya taɓa lasar madaci ya san ba don daɗi ake sa shi a baki ba. In an gama haɗa jitar, ya ciji kanta, ya kaɗa tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa. Wannan cizon na ƙarshe shi ke barin sawu. Na taɓa tsayawa ina kallo. Mutumin da bai ji sallamata ba, ya tsaya kan wata tsirkiya yana murɗawa kamar mai zare ƙaya daga ƙafar jariri, har ta zauna daidai. Wani mai kiɗa da ke jira ya ce shi da kunnuwansa biyu bai ji bambancin ba sai da aka gyara.

Ba za a ce jitocinsa sun fi na kowa kyau ba. Suna da nauyi, fentinsu ba ya sheƙi, kuma babu biyu da suka yi kama. Ta cocin Ribah muryarta kauri gare ta kamar ta dattijo, ta Mahuta kuwa tsiwa. Amma suna jure zafin bazara, kuma mutane sun saba. A hankali sawun haƙoran ya zama hatimi, ba tare da mai haƙoran ya sani ba.

Wanda abin ya dama shi ne Innocent, mai shagon kayan kiɗa da lasifika a bakin kasuwa. Daga Anacha yake kawo jitocin kamfani cikin kwali, masu sauƙi, masu sheƙi kamar an lashe su, ƙarafan wuyansu a jere ba kuskure. Kaya ne masu kyau, kuma ya san haka. Amma sai mutum ya shigo ya kaɗa, ya yaba, ya juya kai, ya ce, "Oga, wagga ba a cije ta ba." Innocent ya yi bayani da Hausa, ya yi da Turanci, ya nuna takardar kamfani. Daga ƙarshe ya loda kwalaye a keke mai ƙafa uku na haya, ya nufi rumfar Ezekiel.

"Baba Ezekiel!" ya yi ihu a kunnensa. "Taimako na zo nema! Ka cije mini su!"

"Mi suka yi maka?" in ji Ezekiel a hankali.

"Ba su yi komai ba! Mutanenka ne ba su sayen abin da ba ka sa wa miyau ba!"

"Ni ba cizo nake yi ba, ɗan Anacha. Saurare nake yi."

"To ka saurara da ƙarfi, Baba, yadda zai fito!"

Ezekiel ya yi dariya ya ɗauki ta farko. Ya ciza, ya kaɗa, ya daɗe. Ya ɗauki ta biyu. Da ya ajiye ta, dariyar ta bar fuskarsa. Ya koma ta farko, ya dawo ta biyu, ya jawo ta uku. Innocent ya fara gumi, yana jiran a kushe masa kaya a gaban mutane.

"Wa ya yi su?" in ji Ezekiel.

"Inji, Baba! A ƙasar waje!"

"Murya ɗaya. Dukansu murya ɗaya." Ya shafa fuskar jitar da bayan hannu. "Ni tun ina da baƙin gashi nake so in yi biyu iri ɗaya, Allah bai ba ni ba. In ka ga mai injin nan, ka ce Ezekiel na gaishe shi."

Ba gatse yake yi ba. Ya hana a mayar da kwalayen. Ya zauna yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana neman wadda za ta saɓa wa 'yan'uwanta, kamar mai neman baƙo a cikin tagwaye. Ya yi ta ƙara ƙarfin cizo, don fentin kamfani tauri gare shi kamar tangaran, sai ka danna kafin sauti ya ratsa. Bai sami wadda ta saɓa ba. Abin da ya samu shi ne ƙara ƙas a bakinsa: haƙorin gaba na dama ya tsage har cikin dasashi. Innocent ya kwashe kayansa da sawu a kowace, ya sayar da su kafin Kirsimeti.

A lokacin Ezekiel na da aiki ɗaya a hannu da ya fi kowane muhimmanci a wurinsa. Duk jitocin da ya yi, bai taɓa riƙe ko ɗaya ba. Akwai wani allon madaci da ya yanko daga itacen da iska ta kayar a gonar mahaifinsa a Manga, ya sa shi a saman rufi yana bushewa tun 'ya'yansa na firamare. Shi kaɗai ya rage daga itacen. Da shi ya fara yi wa kansa jita, kuma ya kai rabin kankarar fuskar haƙorin ya tsage.

Bai daina ba. Haƙorin ya ruɓe, ya shafi na kusa da shi, leɓe ya kumbura ya tura hanci gefe. Yakan kai allon baki, jikinsa duka ya ɗauki rawa, ya ciza, hawaye na bin kumatu, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Rana guda bai fi ya yi kankara kaɗan ba, sai ya kwanta a kan benci. Leah ta ja shi asibiti. Likitar haƙori, wata mai suna Amatullah, ta leƙa ta ce na gaban duka sai an cire, yau ba gobe ba, don mugunyar ta fara gangarawa wuya.

"'Yata, ki ba ni mako biyu," in ji shi.

"Baba, mako biyun ba a hannuna yake ba!" ta ce a kunnensa. "Za mu sa maka na roba, masu kyau!"

"Na roba suna ji?"

Ta ce ba a koya musu wannan ba. Ya gode mata, ya sa hularsa, ya dawo gida.

Washegari ya shiga rumfa bai ga allon ba. Ya same shi a ɗakin Leah, ƙarƙashin katifa, ita kuma tana zaune a kan katifar tana tsince wake.

"Mama, tashi."

"Ba ni tashi!" Unguwa duka ta ji. "Tsohon nan, so kake a rufe ka da katako a baki? In fasto ya tambaye ni mi ya kashe ka, in ce masa mi? Jita?"

Abin da ya amsa ba wanda ya ji. An dai ga ta ɗaure allon a zane ta kai gidan ƙanwarta, an kuma ga Ezekiel a bayan babur an nufi asibiti da shi, yana riƙe da haɓa.

Da bakin ya warke ta dawo masa da allon. Ya gwada da dasashi, ya ce kamar cizon katifa ne. Haƙoran ciki sun daɗe da zubewa. Aka sa masa na roba, jere reras, irin na kamfani, suka yi masa kyau ƙwarai, amma da ya danna sai su zame. Ya kafa goshi, ya kafa haɓa: yana jin guna-guni kamar ana hira a bayan bango, bai isa ya gane kaurin farce ba. Ya jingina allon a bango. Kullum da safe yakan buɗe rumfa, ya share, ya zauna yana kallonsa. Aikin benci ma ya daina karɓa.

Leah ba ta taɓa kula jita ba. A zumuntar mata ma tulu take bugawa, tana cewa shi aƙalla in ya fashe an san dalili. Wata rana da hantsi ta shigo rumfar da kwanon kunu, ta ajiye, ta tsaya tana kallon mijinta yana kallon katako. Ta goge hannu a zane ta ɗauki allon.

"Ina ake cizo?"

Ya nuna mata gefen. Ta ciza, ta saki nan take ta tofar.

"Wayyo! Wanga ɗacin kake sha tun muna da ƙarfi? Shi ya sa ba ka taɓa cewa miyata ta yi gishiri ba!"

"Toshe kunnuwanki," in ji shi. "Da baki za ki ji."

Ta sake ciza, ta sa yatsu a kunne, shi ya riƙe allon ya ƙwanƙwasa. Idanunta suka buɗe. Ta yi masa alama ya ƙara. Ya ƙara.

"Yanzu kamar ƙofa yake," ya ce. "Kin ji sautin ya tsaya nan take? Zan kankare. In kin ji ya daina tsayawa, ya tafi yana dawowa kamar tulunki in babu ruwa, ki ɗaga hannu."

Haka suka wuni. Ya kankare, ta ciza, ta girgiza kai. Kunun ya huce, ƙuda suka same shi. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya, don ba kullum ake ganin dattijuwar zumunta da katako a baki da yatsu a kunne ba, amma babu wanda ya yi dariya. Allon ya yi ta sirancewa har haske ya fara ratsa gefensa. Ezekiel, wanda bai taɓa yarda da kunnen kowa ba tun yana da nasa, yana kankara yana kallon fuskar matarsa.

Can rana ta karkata, ya ƙwanƙwasa, ta ɗaga hannu.

Ya duba allon, ya lanƙwasa shi kaɗan a tafin hannu. A ganinsa da saura. Ya ɗauki ƙarfen kankarewa zai ƙara ja ɗaya, ta buge masa hannu.

"Na ce ya isa!"

"Kin tabbata? In na bari da kauri..."

"In ka ƙara, ka ɓata. Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. Har a wuyana na ji shi."

Ya daɗe yana kallonta. Sa'an nan ya ajiye ƙarfen a kan benci, ya tura shi nesa da hannunsa.

"Yaya yake?" ya tambaya. "Faɗa mini."

Wannan karon ba ta yi ihun da ta saba ba. Sai ta mayar da allon tsakanin haƙoranta, ta toshe kunne, ta yi masa alama da gira ya ƙwanƙwasa. Ya ƙwanƙwasa, yana karanta muryar itacen a fuskarta. Ta ce ya sake.