Jirgi na Talatin

Shekara ashirin da takwas Mai Fenti ya yi yana lilo a jikin jiragen sojan ruwa, zaune kan katako mai igiya biyu, gwangwanin fenti rataye a gefensa. Shi ba soja ba ne, lebura ne farar hula, kuma ko sau ɗaya bai taɓa fita teku ba. Amma duk sunan jirgi da duk lambar da ke wannan tashar, hannunsa ne ya rubuta. Ba ya amfani da abin awo. Ya ja da baya a kan katakon, ya kanne ido ɗaya, shi ke nan harafi ya tsaya cak.

Jiragen rundunar kashi uku ne. Akwai na faɗa, masu manyan bindigogi, lambarsu na farawa da F. Akwai na sintiri, masu S. Waɗannan duka ana raɗa musu suna, ana kuma saƙa sunan a hular duk wanda ke aiki a ciki. Sai na hidima, masu H: mai jan jirage, mai dakon mai, mai kwashe shara. Su ba su da suna sai lamba, ba sa wuce bakin tasha, kuma in ana faɗin girman runduna ba a ƙirga su. Ma'aikatansu 'yan lamba ake ce musu, kuma ba yabo ba ne.

A ɗaya daga cikinsu Mai Fenti ya sama wa ƙanin matarsa aiki. Auta, kamar yadda kowa ke kiransa, a hannun yayarsa ya tashi tun rasuwar iyayensu, har ya zama makanike mai mata da 'ya'ya biyu. Ranar da ya ce zai shiga sojan ruwa ta rantse ba za ta yarda ba. Mai Fenti ne ya bi ofis-ofis har aka tura shi H 9, tsohon jirgin da ke kai wa sauran ruwan sha.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce mata. "Wannan tankin wanka ne mai inji. Ko ya nutse, a gwiwa ruwan zai tsaya masa."

Shekara bakwai maganarsa ba ta faɗi ba. Kullum H 9 ya ratso, Auta kan leƙo daga ɗakin inji ya ɗaga murya: "Tsohon Yaya! Riƙe igiya da kyau, ni ba ni da wurin ajiye bazawara!"

"Wuce, ɗan lamba," in ji shi. "Je ka shayar da maza."

Sai aka kawo sabon kwamanda. Akwai wata ƙa'ida a takardunsu: mai riƙe da jirage talatin masu suna, aninin kafaɗarsa ya fi na mai ashirin da tara. Su kuwa ashirin da tara gare su. Sayen jirgi sai an shekara ana zaman kwamiti, sauya harafi kuwa sa hannu ɗaya ne. Aka ɗora wa H 9 wata bindiga da aka kwance daga mataccen jirgi, aka buga takarda cewa daga ranar Litinin sunansa Shirwa, lambarsa S 30. Aka ce bayan bikin raɗin suna zai fita sintirin kwana goma.

Mai Fenti ya san jikin wannan jirgi fiye da nasa jikin. Ya yi masa fenti sau goma sha ɗaya, kowane a kan na baya, don ba wanda ya taɓa ba da lokacin kankarewa. Ya san cewa dab da inda ruwa ke taɓawa, in ka ƙwanƙwasa, ba ƙarar ƙarfe kake ji ba. Ya je ya gaya wa hafsan da ke kula da gyara, hularsa a hannu.

"Kai injiniya ne?" in ji hafsan.

"A'a, ranka ya daɗe."

"To je ka yi abin da ka iya."

A gida kuwa Auta ya zo da sabuwar hula, an saƙa Shirwa da zaren ruwan zinariya. Ya ɗora ta a kan babban ɗansa, ya sauke, ya mayar kan nasa, ya ƙame a tsakar ɗaki. Mai Fenti ya ce masa ya nemi a sauya masa jirgi. Auta ya kece da dariya.

"Shekara bakwai kana ce min ɗan lamba. Yau na samu suna, kuma baƙin ciki ya tashi? Yaya, ki ba mijinki ruwa ya sha."

Yayar ba ta yi dariya ba. Da Auta ya tafi, ta ci gaba da ninke kayan wanki, ba ta ko ɗago ba.

"Kai ka ce min a gwiwa zai tsaya masa," ta ce.

Ranar Talata aka ba shi takardar aiki: ya shafe H 9, ya rubuta sabon suna da lamba, ya sabunta layukan da ke nuna zurfin jirgi a ruwa. A bayan kowace takardar aiki akwai umarni da ƙananan baƙaƙe, cewa kafin a shafa fenti a kankare tsatsa har sai ƙarfe ya fito fari. Ba wanda ya taɓa bin wannan layin, har shi. Ran nan ya bi shi. Ya fara rubuta sunan, ya yi shi da kyau kamar kullum. Sannan ya saki igiya har ƙafafunsa suka taɓa ruwa, ya ajiye buroshi, ya ɗauki gudumar kankara. Fenti ya dinga zubowa ɓawo-ɓawo, toka-toka a kan shuɗi a kan ja. Kafin azahar gudumar ta wuce ciki. Ramin ya kai tafin hannu, ta ciki kuma ana hango ƙafar wani makanike. Ya matsa gaba kaɗan, ya buɗe na biyu.

Jirgin bai fita ba. Aka ja shi zuwa wurin gyara, masu walda suka duba, suka ce ba su ga inda za su kama ba.

To ga inda abin haushin yake. Da a ce ranar Lahadi ya yi wannan, jirgin hidima ya huda, takardar gargaɗi ce hukuncinsa. Amma ranar Talata ce, kuma tun Litinin Shirwa jirgin yaƙi ne. Mutum uku masu anini suka zauna a kan maganar Mai Fenti. Ya nuna musu umarnin da ke bayan takarda. Suka karanta, suka yarda haka aka rubuta, suka kore shi, saura shekara biyu ya yi ritaya. Ba wanda ya tambayi hafsan gyara komai. Shirwa yana nan kan tubalan gyara, yana kuma cikin lissafi, tunda ba a soke sunansa ba. Kwamanda ya samu anininsa.

Mai Fenti yanzu allunan shaguna yake rubutawa a wata rumfa kusa da tashar mota. Auta kuwa an mayar da shi jirgin kwashe shara, aka karɓe hular. Abokan aiki sun sa shi a gaba, wai mijin yayarsa ya harbo shirwa da guduma. Yana zuwa gidan duk ƙarshen mako da yaransa, ya gaida yayarsa, ya ci abinci, ya gyara mata famfo in ya lalace. In Mai Fenti ya shigo, sai ya ce "Sannu da zuwa," da ladabi, kamar yadda ake ce wa baƙo, ya koma kallon wayarsa.

Matar takan zuba wa kowannensu a kwanonsa daban. Na mijin ya fi nama.