Igiyar Gilashin Motar Baba

Tun da Baba ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ɗaya ce, a gyara masa motarsa. Ba wata motar a zo a gani ba ce. Ta girme ni, ya saye ta tun yana aikin gwamnati, kuma ta daɗe a rumfar kwanon da ke gefen zaurenmu a Ƙofar Gayan har kaji sun mai da ƙarƙashinta gida. Ni da yayana muka biye masa, don mun ga in ana zancenta har abinci yake ci sosai.

Bakanike ya tashi injin, mai fenti ya kankare tsatsa ya mayar mata da launinta na ruwan madara. Saura gilashin gaba, wanda reshen darbejiya ya faɗa wa a wata damina. Irinsa ya ƙare a kasuwa. Yayana ya sha yawo kafin ya samu guda ɗaya tak a jikin wata matacciyar mota a Sabon Gari. A bargo ya naɗo shi, ya rungume shi a bayan keke mai ƙafa uku, yana yi wa direba tsawa a kowane rami tun daga Ƙofar Doka.

Abin da ya hana mu sukuni shi ne alkawarin da Baba ya yi wa kansa. Ya ce ranar da gilashi ya hau, shi da kansa zai tuƙa motar zuwa masallacin Juma'a. Mutumin da ba ya iya kai kofin shayi bakinsa da hannun dama sai ya zubar! Inna ta yi ta jan mu gefe tana cewa mu yi masa magana. Wa zai yi? Ni da aka sani da baki a gidan, sau nawa ina zuwa gabansa da niyyar faɗa, in ga yadda yake shafa sitiyarin nan, sai in ɓige da tambayarsa ko ya sha magani. Na ji haushin kaina, na ji haushin motar, har na taɓa fatan gilashin ya fashe a hanya kowa ya huta.

Mai gilashi ya zo da hantsi, wani dattijo mara yawan magana. Ya shanya robar da ke zagaye gilashin a rana har ta yi laushi, ya ɗaura ta, ya cusa siririn ƙarfen ado mai sheƙi a tsagarta. Sannan ya ce a ba shi igiya. Inna ta kwance igiyar shanya ta miƙo. Ya jiƙa ta da ruwan sabulu, ya zagaya da ita cikin leɓen robar, bakinta biyu suka haɗu a ƙasa. Ya ce aikin haka yake: mutum biyu su danne gilashin daga waje da tafin hannu, ɗaya ya zauna a ciki yana jan igiyar a hankali, ita za ta riƙa janyo robar tana hawa bakin ƙarfe. In aka fizga, ko aka tsaya ana kokawa a kwana, gilashin zai iya tsagewa.

“Ni zan ja,” in ji Baba.

“Alhaji, da ka bari...” in ji mai gilashi.

“Malam, na sa wa motar nan gilashi tun kafin a haifi waɗannan. Ku dai ku danne.”

Ya shiga ya zauna a kujerar direba, ni kuma na zauna kusa da shi riƙe da kwanon ruwan sabulu. Ya naɗe igiyar a hannun hagu ya fara ja, robar tana hawa kaɗan-kaɗan. Wallahi ya iya. Ya gama ƙasa, ya hau gefen hagu, ya bi ta sama, fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Ta cikin gilashin ina ganin yayana yana murmushi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Kwanar sama ta dama ce ta rage, ita kuwa sai da ɗayan hannun. Baba ya ɗaga hannun dama ya kama igiyar. Ta sulluɓe. Ya sake kamawa, yatsunsa suka ƙi rufuwa. Ya gwada sa haƙori, gilashin ya yi wata 'yar ƙara, mai gilashi ya ce, “A hankali, Alhaji,” da muryar da ba ta fita sosai. Ba wanda ya motsa. Baba ya daɗe yana kallon hannun nan nasa a kan cinyarsa, ni kuma na rasa inda zan sa idona don tausayi.

“Uwata,” ya ce, don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. “Karɓi. Ki riƙa juya ta, kada ki fizga.”

Na ajiye kwanon na karɓa. Yana faɗa mini ina yi, har bakin igiyar ya fito a hannuna, robar ta zauna daram. Mai gilashi ya bubbuga da tafin hannu ya ce ya hau. Yayana ya fara yi wa Baba barka, yana satar kallona, don mun san abin da zai biyo baya.

Baba ya buɗe ƙofa, ya ɗauki sandarsa, ya zagaya ta gaban motar yana jan ƙafa, ya tsaya ya share wani tabon sabulu a gilashin da hannun rigarsa. Sannan ya zo ta gefena ya buɗe ƙofar.

“Matsa can,” ya ce. “Giyarta ta biyu tana da gardama, sai kin lallaɓa ta. Zan nuna miki.”

Na matsa bayan sitiyari, shi kuma ya zauna a kujerar mai zaman banza, ya ɗora sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa. Sai da na goge idona kafin na ga ramin makulli.